Idan Sitiyari Ya Ƙi Juyawa: Darasi Daga Motar Corvette

 

Mas'alar da za mu tattauna a yau ta shafi wani ɗan ƙarfe ne wanda bai kai tsawon yatsa ba, amma wanda, ranar da ya ga dama, yakan tsayar da motar da injinta ke da ƙarfin dawaki fiye da 300 cik a ƙofar gida, mai ita yana zaune a ciki, makulli yana hannunsa, alhali kuwa ba shi da ikon karkata ta dama ko hagu. Wannan ƙarfe shi ne sakatar sitiyari. An yi ta domin ɓarawo. Sau da yawa kuwa mai mota take kamawa.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko, kuma zan yi ta maimaita shi har mu rabu, shi ne wannan: in sitiyari ya ƙi juyawa, a bi tartibi. A fara daga batir. Kada a fara da guduma.

To, bari mu soma da asalin al'amarin.

Tun zamanin da motoci suka yawaita a biranen Turai da Amurka, satarsu ta yawaita tare da su, domin a wancan lokaci duk wanda ya san wayoyi biyu da zai haɗa a ƙarƙashin sitiyari yana iya tayar da motar da ba tasa ba ya yi gaba. Da hukumomi suka ga abin ya zama annoba, sai suka wajabta wa masu ƙera motoci su sa wata dabara da za ta hana sitiyari juyawa muddin makulli ba ya ciki. Jamus ta Yamma ta yi wannan doka a 1961, aka kuwa ga satar mota ta ragu ƙwarai. Amurka ta bi sawu a 1970, Ingila kuma a 1971. Sakatar wancan zamani aikin hannu ce zalla: ka murɗa makulli, ƙarfe ya ja ƙarfe, sakata ta zare. Ba ruwanta da batir, ba ruwanta da kwamfuta. Idan ta cije, ka ɗan girgiza sitiyari kana murɗa makulli, shi ke nan.

Sannu a hankali zamani ya sauya, aka ɗauke wannan aiki daga hannun direba aka damƙa wa lantarki. A nan ne labarinmu na yau ya faro.

Akwai wata mota ta ƙawa da gudu, mai kujera biyu, wadda Amurkawa ke tinƙaho da ita tun 1953, ana kiranta Chevrolet Corvette, ta kamfanin General Motors, kuma tun 1981 a garin Bowling Green na jihar Kentucky ake haɗa ta. Zubinta na biyar, wanda ake wa laƙabi da C5, an yi shi ne daga 1997 zuwa 2004. Mota ce da masana suka yaba wa injinta da riƙon hanyarta, sai dai kuma duk wanda ya taɓa mallakarta, in ka zauna da shi hira, da wuya ku tashi bai ambaci sakatar sitiyarinta ba, saboda ita ce illar da ta fi kowace shahara a wannan zubi.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, in bayyana yadda abin yake aiki, domin wanda bai san yadda abu yake a halin lafiya ba, ba shi da hanyar gane cutarsa.

A cikin sandar sitiyarin motar akwai wani faifan ƙarfe mai tsage-tsage a gefensa, wanda ke juyawa tare da sitiyari. Kusa da shi akwai wani ɗan ƙaramin injin lantarki da ke tura sakata cikin tsagar faifan, ko ya janye ta. Idan direba ya zare makulli, sakata ta shiga. Idan ya sa makulli ya murɗa, sakata ta fita. Mai ba da wannan umarni wata ƙwaƙwalwa ce ta kwamfuta mai lura da jikin mota, wadda aka ɓoye a ƙarƙashin ƙafafun mai zama a gefen direba. Akwai kuma ƙwaƙwalwa ta biyu mai lura da inji, ita ce ke da ikon sakin mai ko tsare shi.

Misalin abin kamar maigida ne da ya aiki yaro ya buɗe ƙofar gari, ya kuma ce wa ayari kada kowa ya motsa sai yaron ya komo ya shaida cewa ƙofa a buɗe take. Idan yaron ya kasa buɗe ƙofar, ayari ya tsaya. Idan ya buɗe amma muryarsa ta dushe har maigida bai ji shi ba, ayari ya tsaya. Idan kuwa maigidan ne ya yi gyangyaɗi ya manta ko ya yi aiken ko bai yi ba, nan ma ayari ya tsaya. Sakamako ɗaya ne, amma sababi uku ne mabambanta, kuma a biyu daga cikinsu ƙofar ba ta da laifin komai.

Haka motar take. Ba ta aiki da zato, sai da yaƙini. In ƙwaƙwalwar ba ta sami tabbacin sakata ta janye ba, sai ta rubuta wa direba saƙo a allon da ke gabansa, cewa ya zare makulli ya dakata daƙiƙa 10, sa'an nan ya sake gwadawa. In ya sake bai dace ba, sai ta rubuta masa cewa a kai makullin sitiyari wurin gyara. Daga nan kuma, ko da injin ya tashi yana ruri, da zarar motar ta fara mirginawa, tun ba ta kai saurin mai tafiya a ƙasa ba, sai a yanke mata mai, ta mutu. An yi haka da gangan, kuma hikimarsa a fili take, domin motar da ta mutu a ƙofar gida ta fi motar da ta hau titi da sitiyari a kulle.

To, ina gizo yake saƙar?

A farkon 2004 kamfanin ya yi kiranye ga motoci kusan 127,000 na wannan zubi, bayan da ta tabbata cewa idan wutar da ke isa ƙwaƙwalwar inji ta yi rauni ko ta katse a daidai lokacin tayarwa, to wannan tsaro na yanke mai yana iya kasa aiki, har direba ya taka totur motar ta zabura alhali sitiyarinta a kulle yake. Maganin da aka fara bayarwa kashi biyu ne. Motocin da ke sauya giya da kansu aka cire musu faifan nan mai tsage-tsage, ta yadda ko sakata ta fito ba ta da abin kamawa. Masu giyar hannu kuwa aka sake wa ƙwaƙwalwar injinsu tsari, domin yanke man ya tabbata. Daga baya an yi ta yi wa sanarwar kwaskwarima, saboda ƙorafin masu motoci bai yanke ba. A ƙarshe, bayan shekara guda da fitowar zubi na shida, wato daga motocin 2006, kamfanin ya yi watsi da sakatar.

Ku lura da abin da kamfanin da kansa ya ambata a matsayin tushen haɗarin. Raunin wuta. Wannan ya dawo da mu kan maganarmu ta farko: a bi tartibi, a fara daga batir.

Yanzu sai mu shiga binciken kansa, mataki bayan mataki.

Mataki na farko, kafin a taɓa komai, a tsaya a duba, a kuma saurara. Shin sitiyarin a kulle yake da gaske, ko kuwa yana juyawa lafiya lau amma motar tana mutuwa da zarar ta motsa? Wannan tambaya ita ce mabuɗin sauran. Idan sitiyari yana juyawa, to ƙofa a buɗe take, labari ne bai isa ba, sai a nemi illar a wajen wuta da wayoyi. Idan kuwa a cije yake, to ko dai umarni bai isa ga ɗan injin ba, ko ya isa amma ya kasa cikawa. Sai a rufe ƙofofi, a kashe rediyo da fanka, a kasa kunne kusa da sandar sitiyari yayin da ake sa makulli da zare shi. Mai lafiya yakan yi wani ɗan ƙugi gajere, ziii, ya tsaya. Wanda ya fara gajiya yakan ja ƙugin a kasalance. Wanda wuta ba ta isa gare shi ba kuwa shiru za a ji. Haka nan a duba yadda aka ajiye motar, domin idan an bar tayoyin gaba a karkace suna dannar dakalin titi, nauyin yakan matse sakata a cikin tsagarta, har ƙaramin injin ya kasa janye ta. A irin wannan hali sai a riƙe sitiyari a rinjaya shi dama da hagu da sassauci yayin da ake murɗa makulli. Na ce da sassauci. Ba kokawa ake yi ba.

Mataki na biyu shi ne batir, kuma a nan ne mafi yawan shari'ar take ƙarewa. Wani zai ce, ai batirina lafiya yake, tun da ya tayar da inji. Wannan ba hujja ba ce. Lokacin da kik yake jan injin, wutar batir takan yi ƙasa na ɗan lokaci, kuma batirin da ya tsufa wutarsa takan faɗi ƙwarai, ta yadda ƙarfinsa zai isa ya juya inji amma ƙwaƙwalwar jikin mota ta ruɗe a daidai daƙiƙar da take jiran labarin sakata. Saboda haka sai a auna da mita. Batir mai ƙoshin lafiya da ya kwana bai yi aiki ba yakan nuna kimanin volt 12.6, kuma wanda ya gangaro zuwa 12 ya riga ya yi rauni. A sake aunawa ana cikin tayarwa, a kuma tabbata altaneto yana caji. Irin waɗannan motoci ba kullum ake hawansu ba. A jihohin arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe hanya, masu su sukan lulluɓe su a gareji tun daga kaka har bazara, na'urorin cikinsu kuwa suna ta tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko da an kashe su, shi ya sa ranar farko ta fito da mota ita ce ranar da wannan saƙo ya fi bayyana. Masu dabara daga cikinsu sukan bar ta a jone da wata 'yar caja mai ciyar da batir a hankali duk tsawon hunturu.

Mataki na uku, a bi hanyar da wutar take bi. A kwance kawunan batir a kankare farin garin da ya taru a kansu, a ɗaure su tam. A duba ƙarƙashin batirin da kyau, domin a wannan mota ƙwaƙwalwar inji da tarin wayoyinta a ƙasansa suke, kuma batirin da ke yoyo yakan ɗiga musu ruwansa mai ci, ya cinye su a ɓoye. A bi wuraren da aka ɗaure wayoyi a jikin ƙarfen mota, waɗanda ta nan wuta ke komawa batir, a goge tsatsarsu. Sa'an nan a ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafafun fasinja a shafa da hannu. Idan an ji danshi, to an kama wani babban mai laifi, domin idan magudanar ruwan sama ko ta na'urar sanyaya mota ta toshe da ganyaye, ruwan yakan gangaro daidai inda ƙwaƙwalwar jikin mota take zaune, ruwa da lantarki kuwa ba su taɓa zama lafiya ba. A nan kusa kuma akwatin fiyus yake. A duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu motar da yawa sukan zare fiyus ɗin ƙwaƙwalwar na ɗan lokaci su mayar, domin ta manta ruɗanin da ta shiga, kuma sau da yawa hakan yakan kai mutum gida. Amma fa a sani, share saƙo daban, warkar da cuta daban.

Mataki na huɗu, makulli da gidansa. Makullin wannan mota yana da wata 'yar ƙwaya baƙa a jikinsa, mai ƙarfe a fuska biyu, wadda motar ke karantawa domin ta gane nata. A goge ta, a kuma gwada makulli na biyu in akwai. Can ciki kuma, bakunan tagullar da ke haɗuwa idan an murɗa makulli sukan yi baƙi saboda tsufa, har wutar da ke ratsa su ta ragu, sai ya zama batir cike yake amma abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai taka kara ya karya ba.

Mataki na biyar, a tambayi motar da bakinta. Wani abin sha'awa game da wannan zubi shi ne ba sai an nemo kwamfutar bakanike ba. Idan aka murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, aka danne maɓallin zaɓi da ke gefen allo, aka taɓa maɓallin mai sau huɗu a jere, sai motar ta shiga zayyano lambobin illolin da ta adana. Lamba irin B2587 ko B2592 tana nuni ga hanyar wutar sakata. Wadda ta ƙare da harafin C cuta ce da take nan yanzu, wadda ta ƙare da H kuwa tarihi ce, ta zo ta wuce. A rubuta su a takarda kafin a share. Tare da wannan, a ɗauki lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17 a kai wa dillalin kamfanin, domin a san ko an taɓa yi mata gyaran kiranye, da kuma wane iri aka yi mata, saboda wasu an ƙara musu 'yar waya mai ɗauke da rile a ƙarƙashin sitiyari, ita ma kuwa takan lalace ta haifar da irin cutar da aka sa ta ta magance.

Sai bayan an wanke duk waɗannan daga zargi, sa'an nan ya halatta a tuhumi ɗan injin sakata da kansa. Shi ne na ƙarshe a tartibi, domin shi ne mafi tsada da mafi wuyar kaiwa. A tsakiyar sitiyari akwai jakar iska mai ɗauke da abin fashewa, wadda in ta tashi a fuskar mai gyara tana iya yi masa lahani mai tsanani. Wanda zai buɗe wurin wajibi ne ya cire batir, ya dakata, ya kuma kasance ya san aikin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Masu sauraro, a nan akwai saɓani tsakanin masu wannan mota, kuma ya kamata mu faɗe shi da adalci.

Jama'a da dama, da suka gaji da zaman ɗar-ɗar, sai suka koma ga wata 'yar na'ura da ake sayarwa a kasuwa, wadda ake jonawa a madadin sakata. Aikinta shi ne ta riƙa amsa wa ƙwaƙwalwa da cewa an kulle ko an buɗe, daidai yadda take son ji, alhali sakatar gaskiya tana can a janye, an raba ta da wuta har abada. Hujjarsu ita ce motar tana da wani tsaron a makullinta, kuma kamfanin da kansa ya cire faifan a wasu, ya kuma daina sa sakatar daga baya. Masu ja da su suna cewa an rage wa motar katanga guda daga cikin katangunta, kuma a wasu ƙasashe doka ko kamfanin inshora suna iya tambaya. A ganina hujjar farko ta fi ƙarfi a kan wannan mota, domin an haɗa haɗarin dukiya da haɗarin rai, rai kuwa shi ne a gaba. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada a jona na'urar sai an tabbata sakata a janye take, in ba haka ba an koya wa mota ta shaida zur, ta saki mai alhali sitiyari a kulle, wanda shi ne ainihin bala'in da ake gudu. Na biyu, na'urar ba ta warkar da mataccen batir ko jiƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwa. Ko da ita, tartibi yana nan daram.

Wataƙila wani a cikinku yana cewa, mu da ba mu taɓa ganin Corvette ba sai a hoto, me ya haɗa mu da wannan dogon bayani?

Abin da ya haɗa mu shi ne sakatar lantarki ta riga ta iso ƙofofinmu a cikin motocin da ake shigowa da su na hannu. Marsandi samfurin C da aka ƙera daga 2007 zuwa 2014 ta shahara da wannan larura: a sa makulli, a ji shiru maimakon ɗan ƙugin nan, a murɗa, allo ya ƙi kawo wuta, galibi saboda ɗan injin cikin sakatar ya cinye. Nissan Altima ta 2009 da 2010, mai maɓallin tayarwa, ita ma an san ta da haka. Tsarin kowace daban ne, kuma ta Marsandi sakatarta a ɗaure take da lambar sirrin makulli, ba a ciro ta wata mota a dasa kawai. Amma ƙa'idar ɗaya ce. Zafin ƙasarmu kuma yana gajarta ran batir fiye da yadda mutane suke zato. Sau nawa aka fasa sandar sitiyari da kurfi da guduma, aka yi asarar kuɗi masu yawa, daga baya ta bayyana cewa kan batir ne ya saki? Kuma motar da ta fara yi maka gargaɗi, yau ta buɗe gobe ta yi nawa, kai ta wurin mai gyaran wuta tun sakatar tana janyewa, domin wadda ta mutu a buɗe gyaranta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wadda ta mutu a kulle.

Saboda haka, ya ku direbobi, da ku makanikai, da ku iyayen gida masu motoci, ga kirana gare ku. Kafin ku saki birki kowace safiya, ku juya sitiyari dama da hagu ku tabbata a sake yake. In ya cije, kada ku tilasta masa, kada kuma ku yarda a ja motar da igiya, domin motar da ba ta karkata ba a jan ta a titi, ɗaukarta ake yi. Ku saurara, ku auna batir, ku bi wayoyi, ku duba makulli, ku karanta abin da motar ta rubuta, sa'an nan ku taɓa sakata. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. A bi tartibi, a fara daga batir.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai mu gidajenmu lafiya.